Gamboru: Cinikin Itace da Murhu Na Bunƙasa a Ƙofar Hunturu

MAIDUGURI — A kowace shekara, da zarar damina ta janye, iskar arewa ta fara kaɗawa, sai harkar itace da gawayi ta ɗauki zafi a kasuwar Gamboru da ke Maiduguri. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu buƙata na ƙaruwa, domin ban da girkin yau da kullum, sai an dafa ruwan wanka, an kuma hura kasko don jin ɗumi. Masu shayi, masu tsire, masu tuyar ƙosai da gidajen burodi duk a wannan kasuwa suke gogayya da magidanta.

Dillalin da ya san sana'arsa tun a watan Oktoba yake tara kaya, ya faskara, ya jera a rana. Dalili shi ne ɗanyen itace hayaƙi yake yi, zafinsa kuma yana ƙarewa wajen busar da kansa. Marke da ƙirya su ne masu daraja, saboda garwashinsu na daɗewa.

Sai dai samun itacen ya yi wuya. Tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, shiga dajin da ke kewaye da birnin ya zama kasada, kuma masu saran itace da dama sun rasa rayukansu. Kowace tafiya mai nisa da kowane haɗari a kan farashin dami suke sauka. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ƙara kuɗin dako, yayin da tsadar kananzir da iskar gas ta mayar da gidaje da yawa ga itace. Tsofaffin 'yan kasuwa na tuna irin haka a shekarun 1990, lokacin da ƙarancin kananzir ya yaɗa murhun da ake kira Abacha.

Ita kanta kasuwar ta sha jarrabawa. Ta yi gobara a watan Maris na 2023, makonni kaɗan bayan wadda ta cinye Kasuwar Monday. A watan Satumba na 2024 kuma, ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta mamaye unguwar Gamboru, ta lalata kaya da jari.

A cikin wannan hali ne murhu mai tattalin itace ya zama haja. A 2018, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa cibiyoyi 3 na ƙera irinsa a Maiduguri, Jere da Konduga, ta kuma horar da mutanen yankin. Sirrin murhun ba mai wuya ba ne. A murhun duwatsu uku, iska ce ke kwashe mafi yawan zafin; shi kuwa wannan, jikinsa na yumɓu yana killace wutar, ya tura ta ƙarƙashin tukunya.

Amma ribar tana ga yadda aka kafa shi. Ana so a dasa murhu a daidaitaccen wuri, nesa da zana da rufin ciyawa, bakinsa na samun iska daidai gwargwado. Tukunya ta dace da girmansa, a bar 'yar tazara da hayaƙi zai fita. Idan na gini ne, a kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, a bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a hura masa wuta, in ba haka ba zai tsage. A riƙa sa ƙananan faskare, biyu ko uku, ana kwashe toka kullum. Haka kuma, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Ga mai sana'a, lissafin a fili yake: ya raba kuɗin murhu da abin da yake ragewa na itace a rana, zai ga kwanakin da zai mayar da kuɗinsa. Mai tuyar da ke hura wuta safe da yamma ya fi magidanci saurin cin moriya.

Ga masu jari ma ƙofa a buɗe take. Maƙeri na buƙatar kwano, magini na buƙatar yumɓu da wurin gashi, mai saye kuma yana buƙatar a sassauta masa biya kashi-kashi, tunda abin da ke hana talaka saye shi ne biya a dunƙule. Dillalin itacen da ya haɗa da sayar da murhu ba zai yi asara ba, domin dajin Borno na ja da baya a gaban hamada, kuma kafin a samu dami mai araha irin na da, da sauran aiki. Da sanyin safiya ake kama fara: wanda ya tanadi hajarsa kafin hazo ya sauka, shi ne zai ci kasuwar hunturu.