Keɓe Wa Kowane Bincike Muhallinsa a Kwamfuta Ɗaya: Misali Daga Hausar Salaga da Yendi da Bawku

1.0 Gabatarwa

Galibin ɗaliban nazarin harshe kwamfuta ɗaya tal suke da ita, kuma a kanta suke gudanar da dukkan ayyukansu. Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda ake girka manhaja iri ɗaya sau da yawa a cikin kwamfuta ɗaya, kowane girki da kayansa, ba tare da wani ya taɓa wani ba. Irin wannan girki shi za a riƙa kira keɓaɓɓen muhalli. An ɗauki misalai daga Python, wato harshen tsara manhaja da masu nazarin harshe suke yawan amfani da shi wajen ƙidayar kalmomi da tace rubutu.

2.0 Garuruwa Uku, Buƙatu Uku

A ƙaddara ɗalibi yana nazarin Hausar arewacin Ghana, ya tattaro bayanai daga garuruwa uku. Salaga ita ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja wadda fataken Hausa suka daɗe suna zuwa, har yaƙin basasar shekarar 1892 ya tarwatsa mazaunanta. Abin da mai bincike zai fi nema game da ita shi ne rubuce-rubucen Larabci da ajami, irin na Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. A Yendi kuwa, hedikwatar masarautar Dagbon, Hausa tana zaune ne kafaɗa da kafaɗa da Dagbani, don haka rubutun zai zo da haruffa irin su ɣ da ŋ da ɛ da ɔ. Bayanan Bawku, inda Hausa take harshen kasuwa tsakanin Kusasi da Mamprusi da sauran ƙabilu, mai yiwuwa hirarraki ne da aka naɗa aka kuma rubuta a manhajar ELAN.

Ke nan kowane gari da irin kayan aikin da yake buƙata. Matsalar takan taso ne idan aka zuba duk kayan a wuri ɗaya, domin sabunta wani abu saboda aikin Bawku yana iya sauya sakamakon aikin Salaga da aka kammala watanni shida da suka wuce.

3.0 Inda Ɓarnar Take Shigowa

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne bambancin Python 2 da Python 3. An fitar da Python 3 a watan Disamba na 2008, aka kuma daina kula da Python 2 a ranar 1 ga Janairu, 2020. Sai dai har yanzu ɗalibai sukan gaji tsofaffin shirye-shirye daga malamansu waɗanda aka rubuta da tsohuwar sigar. A Python 2, idan ba a yi tanadi na musamman ba, kalmar "ƙasa" tsawonta 5 ne, domin ana adana ƙ a gurbi biyu, alhali "kasa" tsawonta 4. A Python 3 kuwa dukkansu 4 ne.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai nazarin Hausar Ghana. Ɗaya daga cikin tambayoyinsa ita ce, shin masu magana suna bambanta ƙ da k, ko ɗ da d? Idan shirin ƙidayar haruffa ya karya kowace ƙ gida biyu, ba za ta fito a jadawali ba ko sau ɗaya. Ɗalibin da dama can yana sa ran ƙ ta ɓace a Bawku zai ga sifili, ya yi murna, ya rubuta babi guda a kan kuskuren na'ura. Har ila yau, a Python 2 raba 7 da 2 yana ba da 3, a Python 3 kuwa 3.5. Shirin ba zai nuna wata alamar kuskure ba, alƙaluman kaso ne kawai za su sauya. A gaskiya kuskuren da yake tsayar da aiki ya fi sauƙi, tun da ana ganinsa.

Akwai kuma jadawalin haruffan Unicode, wanda kowace sigar Python take zuwa da nata. An ƙara haruffan ajami na harsunan Afirka a matakai daban-daban, alal misali a 2005 da 2020, saboda haka tsohuwar siga tana iya kasa gane harafin da sabuwa ta sani. Mai aiki da takardun Salaga shi wannan ya fi shafa.

Na uku shi ne shirin daidaita rubutu. A Hausar Ghana akan ji "cau" a maimakon "kyau", akan kuma yi amfani da "ya" ga mace da namiji. Shirin da aka girka don gyara rubutu zuwa Daidaitacciyar Hausa zai goge ainihin abin da aka je nema, idan har ya samu hanyar isa ga hirarrakin Yendi ko Bawku.

4.0 Yadda Ake Yi

Tun daga Python 3.3, wadda ta fito a 2012, akwai venv a cikin manhajar kanta. Ana rubuta umarni kamar haka:

python3 -m venv salaga

Wannan zai buɗe folda mai suna salaga, da nata wurin ajiye ƙarin kayan aiki. Haka za a yi wa yendi da bawku. Kafin fara aiki sai a shiga muhallin: a Windows da salaga\Scripts\activate, a Linux ko Mac da source salaga/bin/activate. Abin da wannan umarni yake yi bai wuce sanya foldar salaga a farkon jerin wuraren da kwamfuta take duba manhaja ba. Duk abin da aka girka da pip daga nan, a wannan folda zai tsaya. Tsarin ya yi kama da na mai gida a tsohuwar Salaga, wanda yake saukar da fatake da yawa a gida ɗaya amma kayan kowa da ɗakinsa.

Sai dai venv ba ya kawo wata sigar Python, wadda aka ƙirƙire shi da ita ita yake amfani da ita. Mai buƙatar sigogi biyu sai ya girka su duka, ko ya yi amfani da conda ko pyenv. Kuma venv ba ya aiki da Python 2 sam.

Abu biyu ne ɗalibai suka fi yin sakaci da su. Na farko, ba a ajiye bayanan bincike a cikin foldar muhalli. Muhalli abu ne da ake gogewa a sake ginawa cikin 'yan mintoci, amma hirar da aka yi da dattijo a zangon Yendi ba lalle ba ne a sake samunta. Na biyu, ba a kwafe muhalli a filasha a kai wata kwamfutar, saboda adireshin foldar asali yana rubuce a cikinsa. Abin da ake ɗauka shi ne jerin kayan da sigoginsu:

pip freeze > requirements.txt

Da wannan ɗan fayil malami ko mai jarrabawa na waje zai iya sake gina muhallin, ya ga ko alƙaluman kundin sun fito daidai. Ya kamata a rubuta sigar Python ɗin a babin hanyoyin bincike, domin fayil ɗin ba ya ɗauke da ita.

Akwai abubuwan da keɓewar ba ta kaiwa gare su. Zanen haruffa da tsarin madannai, irin na Keyman, na kwamfutar ne gaba ɗaya. Idan aka sauya zanen ajami saboda takardun Salaga, duk wani rubutu da yake amfani da shi zai sauya kama a allo, ko da kuwa daga wane muhalli aka buɗe shi. Don haka sai a ajiye kwafin zanen haruffan a foldar bayanan kowane gari, a kuma rubuta sunansa da lambar sigarsa a takarda ɗaya da ranar da aka girka shi.