Asetilkolin: yadda jiki ke ƙera shi da yadda yake rushe shi

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da ma'ana uku: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa. Ta ukun ce ake nufi a nan. Wannan jijiya ba ta taɓa tsokar da take umurta ba. Akwai ƴar rata tsakaninsu, saƙo kuwa ba ya ƙetare ta sai ta hanyar wani sinadari mai suna asetilkolin.

A shekarar 1921, a birnin Graz na Ostiriya, Otto Loewi ya motsa jijiyar zuciyar kwaɗo har bugunta ya ragu, sa'an nan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa zuciya ta biyu, ita ma ta lafa. Shi da Henry Dale na Ingila suka raba kyautar Nobel a 1936.

A bakin jijiya ake ƙera asetilkolin, daga abu biyu: kolin, wanda jini ke kawowa daga hanta da abinci irin su ƙwai da gyaɗa, da asetil, wanda ke fitowa in jiki ya ƙona sukari. Wani anzim ke haɗa su, a tara cikin ƙananan jakunkuna. Da isowar saƙo sai kalsiyum ya shiga, jakunkunan su fashe cikin ratar, tsoka ta tsuke.

Rushewar ita ce abin mamaki. Wani anzim dabam, asetilkolinesteraz, wanda sunan "marushi" zai fi dacewa da harshen Bahaushe, yana nan a ratar yana jira. Kowane guda nasa na raba dubban asetilkolin cikin daƙiƙa ɗaya. Kolin ya koma jijiya a sāke aiki da shi, tsoka ta saki, ta shirya wa sabon umurni.

Nan ne zancen ya shafi manomi. Magungunan ƙwari na jinsin organofosfat, da ake fesa wa wake da auduga, marushin nan suke ɗaurewa, a jikin ƙwaro ko a jikin mutum. Asetilkolin ya taru ba mai kwashewa: miyau da gumi su yi ta zuba, tsakiyar ido ta ƙanƙance, tsoka ta yi ta rawa, numfashi ya gagara. Allurar atorofin tana kare zuciya da huhu daga wannan ambaliya, amma ba ta kwance marushin ba, kuma ba ta maido wa tsokar numfashi ƙarfinta.