Karen Gadi a Gidajenmu: Abin da Ya Kamata Mu Sani Game da Rottweiler

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Garwa, inda ake gina gidaje masu doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, zai ga allo a jikin wasu ƙofofi yana gargaɗi da Faransanci cewa akwai mugun kare a ciki. Tsoron ɓarayin dare ya sa magidanta da dama, har da waɗanda iyayensu ba su taɓa ajiye kare ba, sun fara sayen karnukan Turai. Ɗaya daga cikinsu shi ne Rottweiler, baƙin nan mai faɗin kai, mai ɗigon ja a saman idanu da ƙirji da ƙafafu. Mun ga ya dace mu tattauna batunsa, domin wanda ya shigo da shi gida ya ɗauki amana mai nauyi.

Asalinsa

Sunansa ya fito ne daga garin Rottweil da ke kudancin Jamus. Mahautan garin ne suka riƙa amfani da shi wajen kora shanu zuwa kasuwa, da jan amalanken nama, da tsaron dukiyarsu a hanya. Namiji yakan kai kilo 50, mace kilo 42, kuma yakan rayu shekara 8 zuwa 10. Kare ne na aiki, mai kaifin fahimta da kishin ubangidansa. Ƙarfinsa ne ya sa dokar Faransa ta 6 ga Janairu 1999 ta sanya shi cikin karnukan da ba a fita da su bainar jama'a sai da igiya da takunkumi, kuma dokar 2008 ta ƙara da sharaɗin samun takardar izini.

Matsayin malamai

Hadisai sun yi rangwame a kan karen farauta, da na kiwo, da na gona, kuma sun yi gargaɗin raguwar lada kullum ga mai ajiye kare ba tare da buƙata ba. Risala, wadda muke karantawa a makarantun zaure, ta tsaya a kan waɗannan uku. Sai dai masu sharhinta sun ruwaito cewa mawallafin da kansa, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta rushe kuma ya ji tsoro, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona. Ke nan buƙata ce dalili. Mai sayensa don alfahari, ko don ya ga maƙwabci ya saya, ba shi da wannan hujja. Mu kuma tuna da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Gidajenmu a buɗe suke

Nan ne babbar matsalar take. Gidan Bahaushe ko Bafillace ba ya rabuwa da masu shigowa: almajiri mai neman abinci, yarinya mai talla, mai garuwa, yaran maƙwabta, matan biki da na ta'aziyya. Ɓarawo yana iya zuwa sau ɗaya a shekaru, amma waɗannan kullum suna tafe, kuma kare mara horo ba ya bambancewa. Don haka kafin a saye shi sai an tanadi keɓaɓɓen wuri mai shinge da sakata, nesa da zaure da madafa da wurin salla. Ba a sakinsa sai an kulle ƙofar waje da dare, kuma ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da shi, ko da ɗan gidan ne.

Horo

Akwai masu ganin cewa ɗaure kare da gajeriyar sarƙa, da hana shi abinci, da dukansa, su ne ke sa ya iya gadi. Wannan zalunci ne, kuma abin da yake haifarwa shi ne dabba mai firgita wadda za ta ciji duk wanda ya fara zuwa kusa, har da mai gidan. Rottweiler ba ya buƙatar a koya masa zafin rai, da kishin gida aka haife shi. Abin da ake koya masa shi ne biyayya.

Makonnin farko, kafin ya cika wata uku zuwa huɗu, su ne lokacin da kwikwiyo ke sabawa da duniya. A nan ne ya kamata ya ga mutanen gida duka, da mai babbar riga, da mai hijabi, da awaki da kaji, ya kuma ji ƙarar babur. A koya masa kalmomi kaɗan: zo, zauna, tsaya, bari. Kowa a gidan ya yi amfani da kalma guda, kada wani ya ce da Hausa, wani da Fillanci, wani da Faransanci. Minti goma safe da yamma sun isa, ana saka masa da ɗan nama idan ya bi umarni. Kada kuma a bar wa maigadi wannan aiki shi kaɗai, domin ranar da ya bar aiki za a wayi gari da karen da ba ya jin maganar kowa.

Zafi da lafiya

A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki, kuma baƙin gashi na jawo rana. Ɗakin kwano a tsakar rana yana iya kashe shi. Yana buƙatar inuwa, da ruwa a kodayaushe, da motsa jiki bayan asuba ko bayan magariba. A riƙa cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsar ciki, a kuma fara allurai tun yana mako 6 zuwa 8, domin jinsinsa na saurin kamuwa da cutar gudawar jini ta kwikwiyo.

Mafi muhimmanci ita ce allurar haukan kare, wadda ake farawa a wata uku, ana maimaitawa yadda likitan dabbobi ya rubuta a kati. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar domin allura. Idan alamomin cutar suka bayyana, magani ya ƙare. Muna da ofisoshin ma'aikatar kiwo, MINEPIA, da reshen Centre Pasteur a nan Garwa, sai mu nemi shawararsu.

Alhaki

Sashe na 1385 na dokar farar hula ya ɗora wa mai dabba nauyin ɓarnar da ta yi, ko da kuɓucewa ta yi. Haƙƙin maƙwabci kuwa ya riga wannan doka. Muna kira ga kowane magidanci ya auna kansa: shin yana da fili, da lokaci, da kuɗin abinci da magani na shekara goma? Wanda ba shi da su, gara ya gyara katanga, ya sa fitila, ya haɗa kai da mutanen unguwa a ɗauki maigadi. Allah Ya tsare mana gidajenmu da 'ya'yanmu, Ya ba mu ikon riƙon amana.