Hannun Da Ke Riƙe Icce Shi Ke Shan Sara

A Kanya Babba da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Babura, har zuwa Kazaure da Roni da Gwiwa, da wuya ka shiga gidan da babu aikin masassaƙi a ciki. Turmi da taɓarya, muciya, allon yara, ƙotar fartanya da ta gatari, duk daga bakin gizago suka fito. Maharba kuma har yanzu suna ɗaura kibansu da hannu idan rani ya kama. Sai dai idan ka dubi hannun dattawan da suka daɗe a waɗannan sana'o'i, za ka ga tabo, ko farce da ya lalace, ko yatsan da ba ya lanƙwasuwa. Ka lura da kyau, yawanci a hannun da ke riƙe iccen ne raunin yake, wato hagu ga mai aiki da dama.

Dalilin a fili yake. Idon mai aiki yana kan inda yake so ƙarfe ya ci, bai cika duba inda ƙarfen zai faɗa idan ya goce ba. Icce kuwa ba ya rasa gaɓa ko murɗiya, musamman masu tauri irin ƙirya da marke. Da kaifi ya ci karo da gaɓa sai ya zame da duk ƙarfin da aka sa masa, ya sauka a kan abin da ke gabansa. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce kada wani sashe na jiki ya tsaya a kan hanyar kaifi. Mai fiƙe icce da wuƙa ya tura ta waje, hannun riƙo yana bayan kaifin. Mai rarake turmi ya kafe gungumen da duwatsu ko turaku, ya janye ƙafarsa daga inda gizago ke sauka. Ƙaramin icce kuma a ɗora shi a kan kututture a yanka, a daina yanka shi a tafin hannu ko a kan cinya.

Mutane da yawa suna zaton ƙarfe mai kaifi ya fi haɗari. A gaskiya dakusasshe ne ya fi yawan jawo rauni, domin sai an danna shi da ƙarfi, kuma abin da aka danna da ƙarfi ba ya tsayawa idan ya kuɓuce. Raunin da yake yi ma yagewa ce, wadda ta fi wuyar ɗinki da warkewa. A wasa ƙarfe kafin a fara aiki, a kuma duba ƙota. Da hunturu icce yana bushewa ya tsuke, sai kan gatari ko na gizago ya riƙa girgiɗi, wata rana ya fita a tsakiyar sara.

Aikin kibiya yana da nasa tarkon. Kyauro siriri ne, yatsu dole su matso kusa da wuƙa wajen kankare shi da yanka gurbin tsirkiya. Wuri mafi haɗari shi ne cusa gindin ƙarfen da maƙeri ya ƙera a cikin kyauron. Idan aka tura da tafin hannu, kyauro yana iya tsagewa, tsinin ya shige nama. Dabarar ita ce a fara naɗe bakin kyauron da jijiya ko zare mai ƙarfi, a riƙe ƙarfen da awartaki, tsininsa yana kallon ƙasa. Idan kibiya mai kunne ta shiga hannu, kada a fizge ta, don kunnuwan za su yago jijiya wajen fitowa. A tallafe ta da tsumma yadda ba za ta motsa ba, a nufi asibiti. Batun dafi ya fi wannan tsanani. Kwankwani, wanda maharban ƙasar Hausa suka daɗe suna haɗa dafi da shi, ta jini yake aiki, kuma zuciya yake kamawa. Mai ƙujewa ko kaushin da ya tsage a yatsa ba shi da dalilin taɓa shi, kuma bai kamata kwari mai irin waɗannan kibau ya zauna inda hannun yaro zai kai ba.

Me ya sa yankan da bai kai tsawon ƙwayar gyaɗa ba yake nakasa yatsa? Hannu ɗaya yana da ƙasusuwa 27, kuma 14 daga ciki a yatsu suke. Naman da ke lanƙwasa yatsu a damtsen ƙasa yake, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, yana jan su da wasu fararen jijiyoyi da ke bi dab da ƙarƙashin fata. Jijiyoyin ji kuma suna bin gefe biyu na kowane yatsa. Idan an yanke, bayan jini ya tsaya, a gwada lanƙwasa kowace gaɓa, a shafa kan yatsan a ji. Gaɓar da ta ƙi motsi ko gefen da ya mutu alama ce jijiya ta tsinke, kuma ba ta haɗuwa da kanta. Likita ne ke ɗinke ta, cikin 'yan kwanakin farko. Babban asibitin Babura ko na Kazaure za su duba, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura Kano, Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Taimakon farko ba ya buƙatar kuɗi. A danne raunin da tsumma mai tsabta na minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, a ɗaga hannun sama, a cire zobe tun kafin kumburi. Sannan a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a cire sartse idan ana ganinsa. Kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai, kada kuma a ɗaure gindin yatsa da roba ko zare har ya yi baƙi. Ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni. Wanda ya daɗe bai yi allurar rigakafinta ba ya nemi a yi masa a ranar. Idan yatsa ya guntule, a naɗe guntun a tsumma mai laima, a sa a leda a ƙulle, a jefa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, a tafi da shi.

Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma Bahaushe ya kuma ce taya Allah kiwo ya fi Allah na nan. Ana yawan yankewa ne a gab da damina, lokacin da manoma ke jiran ƙota ana sauri, da kuma almuru, ido ya gaji haske ya ragu. Idan gajiya ta zo a ajiye aiki, a rufe kaifi da kube ko tsumma. Maigida kuma, kafin ya koya wa yaron da ke gabansa yadda ake sara, ya fara nuna masa inda zai ajiye ɗaya hannun.