Haɗewar Ƙasashen Birtaniya da Makomar Harsunansu

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan ɗauki Ingila da Birtaniya a matsayin abu ɗaya, alhali kuwa masarautar ta ƙunshi ƙasashe huɗu ne, wato Ingila da Wels da Sikotilan da Ailan ta Arewa. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda suka haɗu, da kuma abin da haɗewar ta haifar wa harsunansu.

2.0 Matakan Haɗewa

Wels ce ta fara shigowa, da ƙarfin takobi. Sarki Edward na Ɗaya ya ci ta da yaƙi a 1283, sannan dokokin 1536 da 1543 suka shigar da ita cikin tsarin mulkin Ingila. Ita kuwa Sikotilan ta hanyar gado ta shigo, domin a 1603 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta rasu ba ta bar ɗa ba, sai Sarki James na Shida na Sikotilan ya gaji sarautar Ingila. Majalisun biyu ba su haɗe ba sai a 1707, kuma Sikotilan ta ci gaba da riƙe tsarin shari'arta da cocinta. Ailan ta shigo a 1801, amma a 1922 mafi yawanta ya fice, aka bar gundumomi shida na arewa.

3.0 Tasiri a kan Harsuna

Dokar 1536 ta tanadi cewa da Ingilishi kaɗai za a yi shari'a a Wels, kuma wanda ba ya jin sa ba zai riƙe muƙami ba. Abin da ya ceci harshen Welshi shi ne fassarar Baibul da William Morgan ya kammala a 1588, wadda ta samar masa da daidaitacciyar sigar rubutu da jama'a ke saurara kowane mako a coci. Harshen Gelik na Sikotilan kuwa, dokar ilimi ta 1872 ba ta ko ambace shi ba. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin Welshi kusan 538,000 ne, yayin da ƙidayar 2011 ta sami masu magana da Gelik kusan 57,000.

4.0 Kammalawa

Daga 1999 Sikotilan da Wels suka sami majalisunsu, kuma a 2011 Welshi ya zama harshen hukuma a Wels. Wannan tarihi ya nuna cewa ɗorewar harshe a cikin haɗaɗɗiyar ƙasa ta dogara ne ga gurbin da ya samu a rubutu da makaranta da kotu.