Masoyan Faifan Saba'in a Minna

Wajen ƙarshen shekarun 1960, wasu samarin Ingila masu kaɗa jita sun waiwayi waƙoƙin ƙauyukan kakanninsu, na manoma da matuƙan jirgin ruwa da labaran soyayya da kisan kai waɗanda suka daɗe a bakin jama'a, suka ɗora su a kan jita mai lantarki da gangunan zamani. Ƙungiyar Fairport Convention ta fitar da faifanta Liege & Lief a 1969, Steeleye Span ta bi sahu, Jethro Tull kuma ta saki Songs from the Wood a 1977, sarewa na jan ragamar kiɗan. Wasunsu ba su tsaya a waƙar minti uku ba. Sukan ja waƙa ta yi tsawo, kiɗa ya sauya salo a tsakiya, ya tashi, ya kwanta, ya sake tashi. Har gobe masoyan wannan kiɗa na taruwa duk watan Agusta a ƙauyen Cropredy, akasarinsu masu furfura. Ka ɗauko faifai ɗaya ka tambayi ɗayansu, sai ya faɗa maka shekarar da aka naɗe shi, da ɗakin da aka naɗa, da wanda ya riƙe goge, da dalilin da ya sa mai ganga ya bar ƙungiyar bayan nan.

Mu ma muna da namu saba'in ɗin, kuma masoyansa ba su ƙare ba. Sai dai irin son da muke yi masa daban ne, kuma wannan bambancin ne ya kamata mu duba.

Minna gari ne da ya dace a yi wannan magana a cikinsa. Jirgin ƙasa ne ya raya shi: layin Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 ta nan ya ratsa, a nan kuma aka haɗe shi da wanda ya taso daga Legas. Gwari masu ƙasa, Nufawa, Hausawa, Yarabawa da Inyamurai ma'aikatan reluwe duk suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, garin ya zama hedikwata, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da sauran wurare. Shekara guda kafin nan, a 1975, an biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da bashin watannin baya. Duk wanda ya san lokacin zai gaya maka inda kuɗin suka tafi: babur, agogo, ƙarin aure, sai kuma rediyo mai kaset ko na'urar juya faifai da ake girkewa a falo a lulluɓe da ƙyalle. Kiɗa ya riƙa shigowa ta ƙofa biyu. Faifan Legas na zuwa ta jirgi da mota, muryar Rediyon Kaduna kuma na sauka ta iska a kowane zaure da teburin mai shayi.

Ta ƙofar Legas aka samu kiɗan samari masu jita: BLO da Ofege, waɗanda dukkansu suka fitar da faifansu na farko a 1973, da Sonny Okosun, da Fela. 'Yan Ofege ma ɗaliban sakandare ne lokacin. Arewa ba ta zauna hannu rabbana ba. A Kano akwai The Elcados. A Kaduna akwai Bala Miller da ƙungiyarsa ta Pyramids, wanda ya rera waƙoƙi da Hausa a kan ƙahonni da jita. Bongos Ikwue, mutumin Otukpo da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ne ya fi kusa da abin da Turawan can suke yi: murya a kwance, jita ba hayaniya, labarin ƙauye da kewar gida. Shi ya rera waƙar buɗe shirin Cock Crow at Dawn na gidan talabijin na ƙasa, wanda aka fara nunawa a 1980.

Ta ɗaya ƙofar kuwa sai manyan gida: Mamman Shata da kalangunsa, Musa Ɗanƙwairo da kotso, Sarkin Taushin Katsina, Ɗan Anace na 'yan dambe, Haruna Uji da gurmi, Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam masu kukuma, Barmani Choge da ƙwaryar amada, sai Ɗanmaraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa. Daga ƙasar Nufe akwai Hajiya Fatima Lolo, wadda muryarta ta cika bukukuwan Bida da kewaye har ta rasu a 1997. Kamfanin EMI ya buga faya-fayan wasu daga cikinsu, gidajen rediyo kuma sun naɗi da yawa.

To me ya hana kogunan nan biyu haɗuwa sosai? Me ya sa ba a samu samarin Hausawa 'yan makaranta da suka ɗauki waƙar noma ko ta daɓe suka ɗora a kan jita, yadda takwarorinsu na Ingila suka yi? Ni a ganina amsar tana wajen abinci da kuma mutunci. Makaɗin Hausa ba da cinikin faifai yake ci ba. Ubangida gare shi, da biki, da sarauta, da kyautar riga da doki da mota da kujerar Makka. Faifai a wurinsa shela ce kawai, mai kai sunansa inda ƙafarsa ba ta je ba. Mai jita kuwa otal ne gonarsa, da kuɗin ƙofa, da abin da kamfani ya ba shi. Masu sauraron ma a rabe suke, waɗannan a Sabon Gari, waɗancan a cikin gari. Sannan ga maganar da ba a cika son faɗa ba: kiɗa sana'ar gado ce da ake kallon mai yin ta a matsayin maroƙi, don haka ɗan malam ko ɗan sarauta da ya gama kwaleji zai saurari kalangu har asuba, amma ba zai rataya shi ba.

Duk da haka kada a ɗauka ba a yi sabon abu ba. An yi, sai dai daga cikin gida ya ɓullo. Kukuma ta zama kiɗan samarin birni, mai sauri, mai rawa, wanda dattawan lokacin ke yi wa kallon shashanci. Ɗanmaraya, wanda aka haifa a Bukur a 1946 ya rasu a 2015, ya yi abin da ya fi wannan. Tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ba tawagar makaɗa, kuma maimakon sarki ko attajiri sai ya juya ga karen mota da matar da aka yi wa auren dole da magulmaci. Yakan sauya murya ya zama miji, ya zama mata, ya zama mai shiga tsakani, duk a waƙa ɗaya. Idan ana neman wanda ya ɗauki kayan gargajiya ya faɗi zancen zamaninsa da su, ba sai an je Landan ba. Shata ma da ake gani kamar tsohon hannu, ai ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa bayan Amurkawa sun sauka a wata a 1969.

Ita kanta na'urar juya faifai ta yi tasiri a kan abin da kunnenmu ya saba da shi. Ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti ɗaya ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintuna a kowane gefe, don haka dole mawaƙi ya datse. Babban faifai mai juyi 33 yana ɗaukar kusan minti ashirin a gefe guda, wanda ya ba waƙar fada da ta maza sararin numfashi: kirari, zuga, habaici, komawa kan amshi. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya zo ya rushe shingen gaba ɗaya. Yana da araha, yana aiki da batir, yana shiga mota, kuma kowa na iya kwafa. Da shi direban Minna zuwa Kontagora ya mallaki Shata, da shi kuma cinikin faifai ya fara mutuwa.

Yanzu mu zo kan masoyan. Zauna a majalisar dattawa a Limawa ko Kwangila ko Unguwar Daji, a sa waƙar Shata ko ta Ɗanƙwairo, ka ga ilimi. Wani zai gaya maka wane ne aka yi wa waƙar, ɗan wane ne, wace sarauta ya riƙe, me ya ba mawaƙin har ya sake masa wata. Wani zai warware maka habaicin da ke cikin baiti guda, ya ce da wane ake, kuma ga abin da ya haɗa su. Gardamar wa ya fi tsakanin Shata da Ɗanƙwairo ba ta taɓa ƙarewa ba, kuma ba a so ta ƙare. Wannan sani ne mai zurfi, wanda Baturen Cropredy ba shi da irinsa game da nasa mawaƙan, domin waƙarmu ɗaure take da mutane da zuri'a da garuruwa. Amma a wannan majalisar, tambayi shekarar da aka naɗi waƙar. Tambayi ko a ɗakin rediyo ne, ko a gidan biki, ko a ɗakin kamfani. Tambayi sunan mai kalangun da ke jan kiɗan, ko na 'yan amshin da suka riƙe waƙar minti ashirin ba su yi tuntuɓe ba. Nan za a yi shiru, ko a ce ai an daɗe.

Wani zai ce to mene ne a ciki, tunda waƙar na nan? Akwai abu a ciki, kuma ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da wurin Turawa. Waƙar Jethro Tull an tsara ta, an naɗe ta sau ɗaya, ita ce dai har abada. Mawaƙin baka ba haka yake ba. Shata ya yi Bakandamiya ba sau ɗaya ba, kuma kowane yi da abin da ya ƙara da abin da ya zubar, gwargwadon wurin da yake da waɗanda ke zaune a gabansa da abin da ke ransa ranar. Kowane naɗi aukuwa ce guda da ba za ta maimaitu ba. Idan ba a san yaushe ne kuma a ina ba, an rasa rabin ma'anar. Je wajen masu tura waƙoƙi a waya a kusa da shataletalen Mobil, ka ce a cika maka katin waya da tsofaffin waƙoƙi. Za ka samu ɗaruruwa a kuɗi kaɗan, abin farin ciki. Amma za ka tarar da su ba suna sai lamba, wasu an yanke farkonsu, wasu an liƙa wa wani mawaƙin waƙar wani, sautin kuma ya dushe saboda kwafi a kan kwafi.

An yi ƙoƙari a rubuce, kada a ci haƙƙin masu shi. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar mawaƙin. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kula da sautin kansa da abin da ya ɗauko shi.

A nan ne baƙi suka sha gabanmu. Kamfanin Soundway na Ingila ya bi kasuwanni da ɗakunan ajiya ya tattaro faya-fayan samarin saba'in, ya fitar da Nigeria Rock Special a 2008, kuma The Elcados na Kano na ciki. A Nijar, Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan mai lantarki a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, aka buga kaset kaɗan. Mutanen ƙasar sun shekara da shekaru suna jin kiɗan tsakanin shirye-shirye, da yawa ba su san mai shi ba, sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a 2013, aka fara gayyatar mutumin wasa a Turai. Na kan ji ana cewa sun kwashe mana kaya. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Abin da suka saya, a ƙarƙashin gado suka same shi, ƙura ta rufe. Inda magana take shi ne haƙƙi: a dokar Nijeriya, haƙƙin waƙa na mai ita ne da magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa, na naɗin sauti kuma shekara 50 ne. Ke nan naɗin tsakiyar saba'in ya kai wannan iyaka a 'yan shekarun nan, amma ita waƙar Shata tana hannun iyalinsa da sauran lokaci mai tsawo. Duk mai son sake bugawa, baƙo ne ko ɗan gida, ƙofarsu zai fara ƙwanƙwasawa.

Wanda ke da faifai a gida, ga abin da ya kamata ya sani. Zafi ne babban abokin gabarsa, kuma zafin Minna a watan Maris ba sai an ba kowa labari ba. Faifan da aka bari a ɗaki mai kwano ba silin, ko aka jibge wani kan wani, lanƙwashewa yake yi, ba ya kuma miƙewa. A tsaye ake jera shi, cikin rigarsa, nesa da taga. Ba a taɓa tsakiyarsa da yatsa, ba a goge shi da tsumma mai kaushi, ba a kuma ɗora masa tsohuwar allura, domin ita ke cinye layukan da sautin ke ciki. Rigar kwalin kada a yar ko ta yage, don a jikinta ake samun sunan kamfani da lambar faifai, wani lokacin har da shekara. Kaset kuwa damina ce ke kashe shi: zaren ya yi fumfuna ko ya manne. Idan ya daɗe a ajiye, a fara juya shi a hankali da biro daga farko zuwa ƙarshe kafin a sa a rediyo. In za a mayar da shi cikin kwamfuta, a naɗe shi cikakke ba tare da matse sautin ba, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya, sannan a ajiye na asalin.

Sauran aikin na baki ne, kuma shi ya fi gaggawa. Ma'aikacin da ya karɓi kuɗin Udoji yana ɗan shekara 25 ya haura 70 yanzu. Tsofaffin ma'aikatan reluwe da na gidan rediyo, direbobin tasha, da matan da suka yi rawar amada ko suka ga Fatima Lolo a gidan biki, suna nan a Bosso da Tunga da Kpakungu. Jika mai waya a hannu na iya sa wa kakansa waƙa, ya danna naɗi, ya tambaye shi: Baba, a ina ka fara jin wannan, wa aka yi wa, a wane shago ka sayi faifan, nawa, kuma wa ke kaɗa kalangun?