Idon Dillalin Kaji

A ɓangaren kaji na kasuwar Batsari, wadda ke ci ranar Alhamis, akwai mutanen da jarinsu duka idonsu ne. Dillalin kaji ba lallai ne ya mallaki ko akurki ɗaya ba. Abin da ake biyansa la'ada a kai shi ne ya ɗaga ɗan tsako, ya juya shi a tafin hannu, ya ce wannan sagara ce, wancan kuwa zakara zai zama.

Ga mai kuɗi wannan ƙaramar magana ce, amma a ƙauyukan Batsari da Safana, da ke bakin dajin Rugu, satar shanu ta bar gidaje da yawa ba sa, ba tunkiya. A 2021 ma gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da waɗannan biyun. Kaza ce ta rage a hannun mata, don ita ce dukiyar da ake iya sakawa a kwando idan gudu ya kama. Matar da ta tara kuɗin tsaki biyar tana son huɗu su zama mata, su yi ƙwai, su yi kwanci, bayan kwana 21 su ƙyanƙyashe mata wasu. Idan zakaru ta kwaso, ta sayi baki ne kawai masu cin tsaba.

Gwanin gaske ba ya cika baki a kan tsakon kwana biyu. A kajin Hausa, waɗanda jininsu ya cakuɗu tun kaka da kakanni, launi ba ya nuna komai. Sai dai ya ce, "Inna, ki ba su wata guda tukuna." Daga mako huɗu zuwa shida zankon namiji ke fara tasowa ya yi ja, na mace kuwa yana nan ƙarami, fari-fari. Sai ƙafa: ta namiji ta fi kauri da tsawo, tsayuwarsa a miƙe, kai sama, ga neman faɗa da 'yan uwa a bakin kasko. Mace ta kan riga shi cika gashin fiffike da na wutsiya, don haka tsakon da ya girmi sauran a jiki amma har yanzu bayansa a sanƙo, galibi zakara ne. Wajen wata uku gashin wuya da na gindin wutsiya ke raba gardama, na namiji siriri mai tsini da sheƙi, na mace mai faɗi da zagayen baki. Cara sai daga baya, kuma wanda ya jira cara ba ya bukatar dillali.

Akwai dabarun da ake yi don burge mai saye: a riƙe tsako ta ƙafa a sauke kansa ƙasa, wai idan ya yi ta fafutukar ɗagowa namiji ne. Wasu har siffar ƙwai suke dubawa, dogo zakara, zagayayye kaza. A ganina duk canki-canka ne, rabin lokaci dole a dace. Hanyar da ta tabbata ga tsakon kwana ɗaya, wato duba cikin duburarsa, a Japan aka gano ta, kuma aikin horarru ne a manyan gidajen ƙyanƙyasa. Hannun da bai koya ba yana iya kashe tsakon.

Inda aikin ya fi tsauri yanzu shi ne gane iri. Da can kaza mai birkitaccen gashi, da durgu mai gajerun ƙafafu, da mai wuya ba gashi, da doguwar kazar Fulani, ko yaro ya san su. Yau kwalayen tsaki na shigowa kasuwa, ga Noiler ta kamfanin Amo da mutane ke kira maja, ga Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, ga buroila. A jajayen kajin ƙwai na gidan gona, tun ranar ƙyanƙyasa ake ware mata masu jan gashi, a sayar da fararen mazan da araha. Waɗannan fararen ne marasa tsoron Allah ke tallatawa da sunan buroila. Dillali na gane su da kaurin sangali da faɗin ƙirji da nauyi a hannu, don buroila a mako biyu ta riga ta yi ƙiba, shi kuwa wancan zai ci dusa wata da watanni yana nan kamar tsinke.

Tsakin zabi kam, ko tsofaffin dillalai sallamawa suke yi. Sai sun girma a saurari kuka, mace ce mai kiran nan na gaɓa biyu da take ta maimaitawa, namiji gaɓa ɗaya yake iyawa.